DAJI KO SARARI? GARDAMAR DA TA RABA MASOYA WASAN GOLF NA FAIFAI

A ƙasashen Amurka da Turai akwai wani wasa da ake kira golf na faifai, wanda a cikin shekaru 50 ya tashi daga abin nishaɗin samari a lambunan shaƙatawa ya zama sana'a mai kawo kuɗi, har da gasar cin kofin duniya tasa ta kansa. Amma da zarar an bayyana garin da zai karɓi baƙuncin wata babbar gasa da filayen da za a buga ta, sai gardama ta kaure tsakanin masoya wasan, tun ba a jefa faifai ko ɗaya ba. Wasu su ce a kai gasar cikin daji, inda itatuwa suke tsaitsaye a kan hanyar faifai. Wasu su ce a kai ta sarari, inda dubban jama'a za su sami wurin tsayawa su ba idonsu abinci. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka surutu ne kawai na masu neman abin faɗa. Alhali kuwa maganar ta fi haka nauyi, domin irin filin da aka zaɓa yana da hannu wajen fitar da irin gwanin da zai ɗauki kofi, kuma shi ne yake nuna inda wasan kansa ya dosa.

YADDA AKE YIN WASAN

Kafin a shiga gardamar, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Abin jifan wani faifai ne na roba mai ƙarfi, faɗinsa bai kasa santimita 21 ba, nauyinsa kuwa doka ta hana ya wuce giram 200. A siffa ya yi kama da ƙaramin faifan da ake rufe ƙwarya da shi, sai dai an lanƙwasa bakinsa don ya riƙa yankar iska. Ɗan wasa yakan cika jakarsa da fayafayai iri-iri: akwai mai kaifin baki na jifa mai nisa, akwai matsakaici, akwai kuma mai kaurin baki na jifa daga kusa. Manyan gwanaye sukan wurga faifai ya wuce mita 150 a jifa guda.

Filin wasa an raba shi zango-zango, galibi zango 18. A kowane zango akwai dandamalin da ake tsayawa a yi jifan farko, can gaba kuma akwai kwandon ƙarfe a kan sanda, da sarƙoƙi suna reto a samansa. Idan faifai ya bugi sarƙoƙin sai ƙarfinsa ya mutu ya faɗa cikin kwando. Ɗan wasa zai yi jifa, ya taka zuwa inda faifansa ya faɗi, ya sake jifa daga nan, haka-haka har ya shigar. Ana ƙidaya kowane jifa, wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ne ya ci. Akwai kuma wuraren da aka haramta, kamar ruwa, ko titi, ko bayan wata igiya da aka shata iyaka da ita. Duk wanda faifansa ya faɗa can, sai a ci shi tara, watau a ƙara masa jifa ɗaya a lissafi. Wannan doka ta tara, kamar yadda za a gani nan gaba, ita ce tushen rabin gardamar.

Mutumin da ake ɗauka uban wasan shi ne Ed Headrick, wani Ba'amurke da ya yi aiki a kamfanin kayan wasa na Wham-O. Shi ya shata fili na farko na dindindin a lambun Oak Grove da ke jihar Kalifoniya a cikin 1975, sa'ad da sanduna kawai ake jifa. A cikin 1976 ya kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, wadda ake kira PDGA a taƙaice, sa'an nan a 1977 ya sami rajistar mallakar fasahar kwandon nan mai sarƙoƙi. An yi gasar cin kofin duniya ta farko a birnin Los Angeles a 1982, wadda Harold Duvall ya ci. Ya zuwa 2025 manyan gasanni huɗu ne maza suke takara a kansu a shekara: gasar duniya, da gasar Amurka, da kofin zakaru, da kuma wata babbar gasa a Turai. Da waɗannan huɗun ake auna darajar ɗan wasa, shi ya sa ba a ɗaukar zaɓen filayensu da wasa.

HUJJAR MUTANEN DAJI

Masu son a kai manyan gasanni daji suna kafa hujja da asalin wasan. A ganinsu, abin da ya bambanta faifai da ƙwallo shi ne faifai yana iya karkata dama ko hagu a sama bisa ga yadda aka sake shi daga hannu, har yakan soma tafiya ta wani ɓangare sa'an nan ya komo ta ɗaya ɓangaren. Wannan baiwa ba ta bayyana sosai sai inda akwai abin kewayewa. A cikin daji an sare itatuwa an bar siririyar hanya mai kwana, tilas ɗan wasa ya san faifan da zai ɗauka, da tsayin da zai ba shi, da ƙarfin da zai rage, don ya ratsa ta tsakanin kututtura biyu. Wanda ya kuskure da ɗan taki ɗaya sai ya ji ƙarar faifai a jikin itace, ya tarar da shi ya yi tsalle ya shige ƙungurmin duhuwa, inda fitowa kaɗai za ta ci masa jifa ɗaya ko biyu.

A irin wannan fili, in ji su, mai ƙarfin damtse da mai dabara duk sun zama ɗaya, sai wanda ya fi iya sarrafa hannunsa. Haka nan kuma suna tunatar da jama'a cewa yawancin masu yin wasan don nishaɗi a cikin itatuwa suke yinsa, saboda haka bai kamata a naɗa zakaran duniya a wurin da bai yi kama da inda sauran jama'a suke wasa ba. Sukan ambaci filaye irin su Maple Hill a jihar Massachusetts, da Idlewild a Kentucky, da Northwood a Illinois, su ce ga inda ake gane gwani.

HUJJAR MUTANEN SARARI

Su kuwa masu goyon bayan sarari ba su rasa ta cewa ba. Abu na farko da suke faɗa shi ne itace ba ya adalci. Mutum biyu za su yi kuskure iri ɗaya, faifan wannan ya goge ganye ya wuce lafiya ya sauka kusa da kwando, na wancan ya ci karo da reshe ya faɗa kwazazzabo. Idan har kofin duniya ake nema, in ji su, bai kamata sa'a ta sami babban rabo haka ba. Na biyu kuma, jifa mai nisa shi ma ƙwarewa ce da ake shafe shekaru ana koyo, kuma shi ne abin da ya fi burge wanda ya zo kallo karo na farko. Bugu da ƙari, a sarari akwai iska, wadda ba ta shiga daji sosai, kuma sanin yadda za a jefa faifai gaba da iska ko a gicciyenta ilmi ne mai zaman kansa.

Sai dai sarari yana da tasa matsalar. Idan babu itace babu ruwa, gwanayen zamani sai su yi ta shigar da faifai ba tare da wani cikas ba, kowa ya tashi da lissafi kusan iri ɗaya. Masu tsara filaye suna da ƙa'idar cewa zangon da kowa yake gamawa da jifa 3 bai raba gwani da na baya ba, watau bai yi aikinsa ba. Maganin da aka samo shi ne a kawo igiya ko fenti a shata iyakoki a kan ciyawa, a ce nan halal ne, can kuwa tara. Nan ne mutanen daji suke mayar da martani. Sukan ce to ina bambancin? An ƙi itacen da Allah Ya shuka don wai yana kawo sa'a, an koma ga igiyar da mutum ya shimfiɗa, inda faifan da ya gangara ya wuce ta da faɗin yatsa ɗaya zai sha tara daidai da wanda ya ɓace da mita 20. Ke nan kowane ɓangare yana zargin ɗaya da barin sa'a ta yi hukunci, kuma kowannensu yana da ƙamshin gaskiya.

IGIYAR WINTHROP

Babu inda wannan magana ta igiya ta fi fitowa fili kamar a gasar Amurka. Tun da aka fara ta a 1999, har zuwa 2025, a wuri ɗaya ake yin ta, watau harabar Jami'ar Winthrop da ke garin Rock Hill a jihar Carolina ta Kudu. Ken Climo, wanda ya ci kofin duniya sau 12, shi ne ya ci ta farko. Filin yana kewaye da wani tafki da manyan filayen ciyawa na jami'a, kuma igiyoyin da ake shimfiɗawa su ne suka ba shi suna, mai kyau da marar kyau.

Zangon da ya fi shahara shi ne na 17. Gajere ne, ba ya buƙatar ƙarfi, amma kwandon yana cikin wani ɗan da'ira da aka kewaye da dammunan busasshiyar ciyawa, ga tafki a bayansa. Shekaru da dama dokar ita ce wanda bai sauka cikin da'irar ba ya sha tara, ya kuma sake jifa daga inda ya tsaya. A cikin 2014 wani tsohon hannu mai suna JohnE McCray ya iso wannan zango a rana ta ƙarshe yana kan gaba, saura zango biyu ya ɗauki kofi. Ya jefa ya kuskure, ya sake ya kuskure, kafin ya farga ratar da ya tara ta narke. Aka tashi kunnen doki tsakaninsa da Paul McBeth da Will Schusterick, a wajen raba gardama kuwa Schusterick ya yi nasara.

Masoya Winthrop sukan kawo wannan labari su ce ga abin da ya sa gasar take da kwarjini, domin ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma duk wanda zai ci sai ya bi ta wannan ƙofa zuciyarsa na bugawa. Suna kuma cewa zama wuri ɗaya yana gina tarihi: ɗan kallo ya san kowane zango, yana iya gwada gwanin bana da na shekaru 20 da suka wuce. Masu suka kuwa da labarin nan ɗaya suke kafa tasu hujjar, su ce bai dace aikin kwana huɗu ya rushe a kan dammunan ciyawa ba.

GASAR DUNIYA DA DABARAR FILI BIYU

Gasar duniya ita ba ta zama wuri ɗaya. Garuruwa da ƙungiyoyin wasa ne suke neman a ba su, PDGA ta duba takardunsu ta zaɓa. A da akan baza 'yan wasa a filaye da yawa a cikin mako guda, amma daga 2017 aka koma ga filaye biyu ga kowane rukuni, kuma al'adar da ta kafu ita ce a yi ƙoƙarin haɗa mai itatuwa da na sarari don kowa ya ɗanɗana abin da ba ya so. Wannan dabara ta rage gardamar, amma ba ta kashe ta ba, sai ma ta haifar da sababbin tambayoyi: wane fili ne za a buga sau uku a cikin zagaye biyar, wanne ne sau biyu, kuma a wanne za a rufe gasar?

A cikin watan Yuni na 2021 an yi gasar a garin Ogden na jihar Utah, a filin Mulligans, wanda asalinsa na golf ɗin ƙwallo ne, da kuma filin da ake kira The Fort mai itatuwa a bakin kogi. Tun kafin a fara 'yan wasa suka yi ta ƙorafi a kan yadda aka shata iyakoki da kuma rashin isasshen wurin motsa hannu a Mulligans, har ɗaya daga cikinsu, Brodie Smith, ya biya kuɗi daga aljihunsa aka ba su wurin gwaji. Duk da haka a wannan gasa ce aka yi jifan da ya fi kowane shahara a tarihin wasan. James Conrad ya iso zango na ƙarshe McBeth yana gabansa da jifa ɗaya. Jifansa na farko ya ci karo da itace, na biyu ya fito da shi fili kawai, na uku kuwa, daga nisan ƙafa 247, watau kimanin mita 75, ya yi kwana a sama ya faɗa cikin kwando. Aka koma zango na 16 don raba gardama, wanda kwandonsa yake a kan wani wuri mai kamar tsibiri. Faifan Conrad ya zauna, na McBeth ya fita, Conrad ya zama zakara.

Shekara ta zagayo, a 2022 aka kai gasar Emporia a jihar Kansas, garin da ya yi suna da iska da filayen sarari, abin da ya sa mutanen daji suka ce an tauye musu haƙƙi. Abin mamaki, nan ma kunnen doki aka yi, tsakanin McBeth da Aaron Gossage, nan ma a zango na 16 aka raba gardama, nan ma tsibiri ne. A wannan karo faifan McBeth ne ya zauna, ya ɗauki kofinsa na duniya na shida. Watau shekara biyu a jere jifa ɗaya zuwa tsibiri ne ya yanke hukuncin gasar kwana biyar, mutum ɗaya ya sha ɗacinsa ya kuma sha zaƙinsa. Masu son annashuwar kallo suka ce ba a taɓa yin shekaru biyu masu daɗi haka ba. Masu son a auna ƙwarewa a tsanake suka ce a sake tunani a kan zangon da ake zaɓa don raba gardama.

A 2023 gasar ta koma Smugglers' Notch a jihar Vermont, inda aka taɓa yin ta a 2018. Wannan wuri ne da ɓangarorin biyu suka fi yarda da shi, domin filayensa biyu suna maƙwabtaka, Brewster Ridge a cikin daji, Fox Run Meadows kuwa a sarari. Isaac Robinson, wanda aka sani da saitin hannu fiye da ƙarfin jifa, shi ya ci. A 2024 a yankin Lynchburg na jihar Virginia, inda aka haɗa filin New London mai itatuwa, wanda McBeth da kansa ya tsara, da filin golf na Ivy Hill, Robinson ya sake ci. Mutanen daji suka ce ga shaida, da zarar an sa itatuwa a lissafi mai dabara yakan fito. Abokan gardamarsu suka ce ai bai ci ba sai da ya nuna bajinta a sarari ma.

ƘWARO YA SA BAKI

Wani lokaci kuma ba mutane ne suke yanke hukunci ba. A cikin 2007 PDGA ta buɗe cibiyarta a Appling, jihar Jojiya, a bakin wani babban tafki, da filaye uku a cikin dajin itatuwa masu tsawo. Ɗaya daga cikinsu, mai suna W.R. Jackson, wanda sanannen mai tsara filaye John Houck ya shata, shi ne ya karɓi kofin zakaru sa'ad da aka ƙirƙiro shi a 2022, da kuma a 2023. Chris Dickerson ya ci na farko, Robinson ya ci na biyu. Mutanen daji suka ji daɗi ƙwarai, suna ganin sun sami babbar gasa tasu wadda za ta yi daidai da Winthrop a ma'auni.

Ba a jima ba sai wani ƙwaro mai huda ɓawon itace ya faɗa wa dajin, ya zama tilas a sare itatuwa masu yawa don kada annobar ta bazu. Aka ɗauke gasar 2024 aka kai ta Northwood a jihar Illinois, inda Andrew Presnell ya ci. A watan Satumba na wannan shekarar kuma guguwar Helene ta ratsa yankin ta ƙara kayar da itatuwan cibiyar. A 2025 sai ga kofin zakaru a garin Stockton na Kalifoniya, a filin da asalinsa na golf ɗin ƙwallo ne. Wannan ya nuna wani rauni da filin daji yake da shi wanda ba a cika ambata ba. Igiya idan ta tsinke a sayo wata da safe, amma itacen da ya ba zango siffarsa idan ya faɗi sai an jira shekaru masu yawa kafin wani ya maye gurbinsa.

KUƊI DA 'YAN KALLO

A ƙarƙashin duk wannan cacar baki akwai maganar kuɗi. A cikin 2016 aka kafa zagayen gasannin ƙwararru na shekara-shekara a Amurka, daga bisani kuma aka buɗe tashar da take nuna wasannin kai tsaye ta intanet ga masu biyan kuɗi. Zamanin annobar korona, a 2020 da 2021, jama'a suka yi tururuwa zuwa wasan saboda ana yin sa a waje ba tare da cunkoso ba. A 2021 McBeth ya sa hannu a kan yarjejeniyar shekara 10 da kamfanin Discraft mai ƙera fayafayai, a kan dala miliyan 10. Da kuɗi suka shigo, sai buƙatun masu shirya gasa suka sauya.

Mai shirya babbar gasa a yau yana tunanin inda motoci za su tsaya, da inda masu sayar da kaya za su kafa rumfuna, da yawan tikitin da zai iya sayarwa. Siririyar hanyar daji ba ta ɗaukar mutum dubu, kuma faifai mai kaifin baki da ya bugi itace ya kauce yana iya jikkata ɗan kallo. Masu ɗaukar hoto su ma sun fi son sarari, domin kyamara tana bin faifai a sama daga hannu har ƙasa, alhali a cikin duhuwa yakan ɓace wa ido, ga shi kuma aika hoto kai tsaye daga tsakiyar daji yana da wuya inda hanyar sadarwa ba ta da ƙarfi. Filin golf na ƙwallo kuwa ya zo da komai a shirye: gyararriyar ciyawa, da gine-gine, da wutar lantarki, da hanyoyi. Ga dalilin da ya sa ake yawan komawa can. Abin da yake damun tsofaffin masoya wasan shi ne kada garin neman kasuwa a wayi gari yara masu tasowa sun ɗauka jifa mai nisa shi ne dukan wasan, masu gina sababbin filaye su ma su bi sahu.

Mata 'yan wasa suna da nasu ƙorafin a cikin wannan magana. Yawancin manyan filaye an shata su ne da ƙarfin jifan maza a zuciya, sa'an nan a matso da dandamali gaba a ce ga na mata. Sau da yawa wannan yakan sa kwanar hanya ko bakin ruwa ya faɗo a wurin da bai dace da nisan jifansu ba. Shi ya sa suke neman a riƙa tsara nasu zangunan da gangan tun daga farko. Babbar gasarsu ta Amurka ita ma yawo take yi daga gari zuwa gari, saboda haka kowace shekara sai an sake wannan lissafi.

DARASIN FINLAND

Ɓangare na ƙarshe na gardamar ya shafi ƙasa ce ɗungum. Daga 1982 har zuwa 2024 gasar duniya ba ta taɓa barin nahiyar Amurka ta Arewa ba, ko da yake an kai ta Toronto ta ƙasar Kanada a 1987. Turawan arewacin Turai sun daɗe suna tambaya: wace irin gasar duniya ce wannan da ba ta ƙetare teku? Suna da bakin magana kuwa, domin Finland tana cikin ƙasashen da suka fi yawan filayen wasan bayan Amurka, Kristin Tattar 'yar ƙasar Estoniya ta ci kofin mata a 2022 da 2023, Eveliina Salonen 'yar Finland kuma ta ci a 2024.

A 2025 aka amsa kiransu, aka yi gasar a garuruwan Nokia da Tampere na Finland, a filayen da ake kira The Beast da The Monster, sunaye biyu da duk suke nufin wani abin tsoro mai kama da dodo. Filin Nokia, wanda ya daɗe yana karɓar babbar gasar Turai, ya haɗa zangunan itatuwa da na sarari a cikin lambun gari, inda dubban 'yan kallo suke iya jeruwa. Gannon Buhr, saurayi ɗan shekara 20 daga jihar Iowa, shi ya ci kofin maza. Kofin mata kuwa Ohn Scoggins ce ta ɗauka, haifaffiyar ƙasar Laos, wadda ta haura shekara 40, kuma an fi saninta da iya shigar da faifai kwando fiye da nisan jifa. A filaye guda, a mako guda, matashi mai dogon hannu da dattijuwa mai natsuwa duk sun sami hanyar nasara, abin da ya ba masu neman sulhu ƙwarin gwiwa.

INA AKA DOSA?

Abin da ya bayyana daga duk waɗannan shekaru shi ne PDGA ba ta iya zaɓar abin da ba a kawo mata ba. Komai kyawun fili, idan babu mutanen gari da za su nemi gasar, su tara kuɗi, su samo ɗaruruwan masu aikin sa kai, su tanadi masauki da wurin ajiye motoci, to sai dai a yi ta yabonsa daga nesa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka masu hangen nesa a cikin masoya wasan suna ganin mafita tana hannun masu gina filaye: a shata dogayen zanguna a cikin daji, a faɗaɗa hanyoyinsu yadda jifa mai kyau zai sami lada, marar kyau ya sha wuya, a kuma bar gefe inda jama'a da kyamara za su tsaya lafiya. Irin wannan aiki yana cin kuɗi da shekaru, ba kamar shimfiɗa igiya a kan ciyawar haya ba.

Kafin irin waɗannan filaye su yawaita, za a ci gaba da raba kwanakin gasa tsakanin daji da sarari, za a kuma ci gaba da ƙidaya wanne aka ba zagaye uku, wanne aka ba biyu. Ɗan wasan da yake son sunansa ya shiga sahun Climo da McBeth ba shi da zaɓi sai ya koyi duka biyun, domin idan kiɗa ya sauya, tilas rawa ma ta sauya.